Mashin Ya Ci Abincin Ƙasa

In ka shiga Dakoro ka ji an ce wa mutum, "A'a, Na'Allah, bari haka nan," ba lalle sunansa ke nan ba. An dai gan shi yana ɓarna ne yana kiranta gyara. Mai sunan na ainihi na san shi ido da ido, kuma wallahi ko an tara masu cika baki na kasuwa bakwai, shi za a tura gaba ya ba su salla.

Zamanin Nasara akwai wata rumfar kwano bayan bariki, inda masu ginar rijiyoyin gwamnati ke gyaran ƙarafansu. Babbansu wani Bafaranshe ne da muke ce wa Mai Lofe. Cikin rumfar akwai mashin na huda ƙarfe, ya fi mutum tsawo, an kafe shi a siminti. Gefensa akwai babbar ƙafa mai mariƙi. Mutum ya juya ta da hannu, igiyar fata ta kai juyin sama, haƙoran ƙarfe su kama juna, mahuji ya sauko ya ci ƙarfe. Shekara tara Na'Allah ya yi a rumfar nan, aikinsa shara da gadi da sayo wa Mai Lofe taba. Faransancinsa duka kalma uku ne: wi, buwala, atansiyo. Amma in ya zauna gindin gawo da la'asar, sai ka ji yana cewa, "Mai Lofe? Yaron kirki ne, shina da saurin ɗauka. Ni na nuna mishi makamar mashin."

Da aka sauke tutar Faransa, Mai Lofe ya ɗaure kayansa. Ranar tafiya ya miƙa wa Na'Allah wani babban gwangwanin giris, man nan mai kauri da ake shafa wa inji, ya nuna haƙoran mashin da yatsa, ya yi dogon bayani. Na'Allah ya ce, "Wi, Mushe," idonsa na kan tsohuwar hular da yake fata a bar masa. Aka kulle rumfa, mabuɗi ya tafi biron kumandan, wato ofishin mai mulkin garin, gwangwani ya tafi gidan Na'Allah.

Wata rana kaushi ya dame shi, ya lakato giris ya shafa wa dugadugansa. Kwana uku ƙafa ta yi laushi kamar ta jariri. Shi ke nan, Dakoro ta samu likitan kaushi. Wannan ya kawo goro a lakata masa a ganye, wancan ya kawo ƙwai a zuba masa a gwangwanin sardin. Rani biyu ana haka, har gindin gwangwani ya soma leƙo shi.

Shekara ta uku aka gama wata rijiya a Azagor, mai zurfin gaba arba'in. Sauran a kafa ƙarafan da za a ɗora gargaren jan guga a kansu, don raƙumi ko sa ya ja ruwa maimakon hannun mutum. Bazara na matsowa, tafkuna sun ƙafe, makiyaya kullum suna aiko da manzo. Abarci, tsohon sarkin maƙeran garin, ya ƙera ƙarafan tsaf, amma suna bukatar huji takwas daidai da kusoshin gwamnati, kuma wannan sai mashin. Sabon kumandan, ɗan ƙasa ne, tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, mai son fararen kaya, ya sa aka kira Abarci.

Abarci ya ce, "Ranka shi daɗe, ni wuta da masaba na gada. Wanga abu ban san makamarshi ba, kuma ba ni yi maka ƙarya."

Sai ga murya daga bakin ƙofa: "Buwala! Ana neman ruwa ga tulu a ɗaka!"

Kumandan ya ce, "Wane ne kai?"

"Na'Allah, ranka shi daɗe. Ni da mashin ɗin nan nono guda ne ba mu sha ba. In ya yi tari ina gida na san abin da ke damun shi."

Kumandan ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "To. Yau saura kwana shida kasuwa. Shekara biyu ba a taɓa shi ba, ka gyara shi. Ran kasuwa in ya huda ƙarafan Abarci, mabuɗi naka ne, da kaki, da albashi duk wata. In bai huda ba, kar in sake ganin ƙafarka a bariki. Kuma mahuji guda ne tak, ka kiyaye."

Kaki! Nan ne fa gizo ke saƙa. Shekara tara Na'Allah yana ganin tsararrakinsa cikin kaki, shi kuwa dangin matarsa "mai tsintsiya" suke ce masa, ko a gabansa. Abin yana ci masa rai ƙwarai, kuma da za a tsaga zuciyarsa ranar nan, kaki mai aljihu huɗu za a tarar a ciki. Aka ba shi aron mabuɗi, ya rataya shi a wuya, a kan riga, ya bi ta tsakiyar gari duk da rumfar tana nan bayan bariki.

A bakin rumfar, tun kafin a kafa ta, akwai Inna Mata mai tuyar ƙosai da sai da man gyaɗa. Da ta ga ya buɗe ƙofa ta ce, "Na'Allah, ina man da Nasara ya bar maka?"

Ya san inda man ya tafi, amma ko gezau. Ya ce, "Inna, ba ki ji an samu ƴancin kai ba? Mu mun daina cin abincin Nasara, sai mashin? Daga yau abincin ƙasa za shi ci."

"To ai akwai wani abu da na riƙa gani kullum da safe..."

"Inna, ƙosanki na ƙonewa."

Ranar farko ya ce mashin ya yi dauɗa. Ya kawo toka da rairayi da soso, ya dirje shi yadda mata ke dirzar tukunya, har cikin haƙora. Yana cikin dirza ya tarar da wasu ƙananan ramuka uku a jikin ƙarfen, biyu sama, ɗaya kusa da babbar ƙafa. Ya kama haɓa ya kira masu wucewa.

"Ku zo ku ga sakacin Nasara! Shekara tara mashin na yoyo bai lura ba. Ta nan ƙarfinshi ke zurarewa."

Ya jiƙa ƙaro ya cuɗa da auduga, ya toshe su dam, kamar mai liƙin tulu. Da ya kama mariƙi ya juya, mashin ya yi wata ƙara, gurus-gurus, irin ta mai tauna tsakuwa cikin shinkafa. Ya ce gaisuwa ce yake yi masa.

Rana ta biyu ya sayi man gyaɗa kwalba uku wurin Inna Mata, ya kwarara wa mashin tun daga ka har ƙasa. Mai ya haɗu da rairayi ya zama kwaɓi. Kafin azahar kiyashin Dakoro kaf sun samu labari, suka yi layi daga bakin kasuwa har rumfa. Abarci ya leƙo ya ga mashin ya yi baƙi yana motsi, ya ce, "Ɗana, wanga mashin ne ko gidan tururuwa?"

"Baba Abarci, kai da ka ce ba ka san makamarshi ba. Kiyashi na shiga inda yatsa ba ya kai, su kai mishi mai. Dabara ce."

"Allah shi ƙara basira. Ba ni mahujin in aje maka, kar dabara ta kai gare shi."

Da ƙyar Na'Allah ya yarda, shi ma don Abarci ya ce manyan ma'aikata ba su ɗaukar kayansu da kansu.

Rana ta uku ya ce man gyaɗa abincin talaka ne, shi ya sa mashin ke fushi. Ya tare wata Bafillata ya saye man shanunta duka ƙwarya, ya murje mashin da shi, igiyar fatar nan kuwa ya yi mata har biyu. Ya tafi sallar la'asar ya bar ƙofa a buɗe don mai ya sha iska. Da ya dawo ya tarar da karnuka biyar cikin rumfa, huɗu suna lasa, ɗaya ya kwanta yana ƙarasa igiyar fata. Ya bi su da tsintsiya yana "Atansiyo! Atansiyo!" Karnukan ba su yi lakwal ba, sai da suka gama suka fita.

Inna Mata ta ce, "Na'Allah, don Allah tsaya ka ji. Ramukan nan da ka..."

"Inna, in ana maganar ƙarfe mai tuya ba ta sa baki. Na taɓa koya miki yawan gishirin ƙosai?"

"Ba ka taɓa ba. Allah shi ba da sa'a."

Ya tafi mahauta ya yanko ɗanyar fatar sa, da jininta da gashinta, ya ɗaura a madadin igiya. Washegari angulaye bakwai suka sauka kan kwanon rumfa suka jera. Masu wucewa suka riƙa toshe hanci suna tambayar wa ya rasu. Na'Allah ya ce baƙi ne suka zo daga nesa kallon aiki.

Ranar nan ta huɗu mashin ya ƙi motsi sam. Na'Allah ya zagaya shi sau uku, ya kara kunne a jikinsa, ya ce, "Na gane. Sanyi ne ya shige shi, ya kwana biyu bai yi aiki ba. Ai ko mace ta haihu sai an gasa ta." Ya aro babbar tukunya, ya tafasa ruwa, ya jefa kanwa dunƙule guda, ya samo ganyen runhu yana tsomawa yana fyaɗa wa mashin. Matan unguwa suka taru a ƙofa suna riƙe ciki.

Ɗaya ta ce, "Barka, Na'Allah! Mi anka samu, mace ko namiji?"

Wata ta ce, "Yaushe suna? Mu dai a aiko muna da goro."

"Ku yi dariyarku. Ran kasuwa kwa zo neman wurin tsayawa."

Da gari ya waye duk inda ruwa ya wanke ya yi ja wur da tsatsa. Na'Allah ya tafa hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, jini ya dawo mishi!" Amma da ya kama mariƙi ya ja da ƙarfinsa duka, bayansa ne ya yi ƙara, mashin bai ce uffan ba. Ga shi saura kwana guda. Ya tsaya ya yi tunani, ya ce in dai ƙarfi ake nema babu kamar raƙumi. Ya sayi kitsen tozo, ya narke shi a tukunya, ya ɗura wa haƙoran mashin da ludayi har ya cika kowane lungu.

Inna Mata ta taso da kanta har bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, na uku ke nan. Ka tambaye ni mana."

"In tambaye ki? Ni? Inna, gobe in na sa kaki, ke za ki riƙa tambayata izinin zama nan."

Ta koma ta zauna ta ci gaba da tuyarta.

Ran kasuwa tun da hantsi bakin rumfa ya cika. Ga makiyayan Azagor da raƙumansu sun zo ɗaukar ƙarafa, ga fatake, ga masu tallan fura. Aka kawo wa kumandan kujera, ya zauna gaba-gaba cikin fararen kayansa, gardi biyu, dogaransa, na tsaye bayansa. Na'Allah ya fito da aron babbar riga, da wani maroƙi da ya yi wa alkawarin dala, yana biye da shi yana kirari: "Na'Allah angon ƙarfe! Ka ci gadon Nasara ba wasiyya!"

Na'Allah ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Jama'a, Nasara ya tafi da lofenshi, bai tafi da ilimi ba. Yau za ku ga huji takwas kafin mai fura ta dama guda. Baba Abarci, ɗora ƙarfe!"

Abarci ya ɗora ƙarfe, ya ɗaura mahuji, ya ja da baya sosai. Na'Allah ya tofa yawu a tafi, ya ce "Buwala," ya kama mariƙi. Shiru. Kitsen tozo ya kwana cikin sanyi ya daskare kamar sabulu. Ya ja, ya tura, ya rataya da jikinsa duka har ƙafafunsa suka bar ƙasa.

Wani daga baya ya ce, "Angon ƙarfe, amarya ta ƙi magana, a sayi baki!"

Wani makiyayi ya ce, "Mai fura ta dama uku, mun sha biyu."

Kumandan ya dubi agogonsa. Na'Allah ya share zufa ya ce, "Ranka shi daɗe, kunya ce. Bai saba da taro ba. Bari a ɗan ɗumama shi." Ya ruga wurin mai tsire ya kwaso garwashi cike da kasko, ya tura ƙarƙashin haƙoran, ya tsuguna yana fifita da hularsa. Abarci ya matso ya kwance mahuji ya sa aljihu.

Kitse ya soma narkewa yana ɗiga cikin wuta, cau, cau. Ƙamshi ya tashi, karnukan nan biyar suka dawo da ƴan uwansu. Na'Allah ya miƙe ya ce, "Atansiyo!" ya faɗa wa mariƙi da ƙarfin mai kokawa. Babbar ƙafa ta kuɓuce gaba ɗaya ta yi wani irin juyi, ta watsa narkakken kitse da toka da gawar kiyashi a kan duk wanda ke sahun gaba. Kumandan ya fi kowa samun rabo, tun daga hula har takalmi. Saman mashin kuwa ko motsi, don can a ƙafe yake. Ɗanyar fatar da ta bushe ta ɗaure tamau ta tsinke, tas, ta zabga wa Na'Allah a wuya. Ya yi baya ya zauna cikin kaskon garwashi, ya tashi da ihu, gindin rigar aro na hayaƙi, ya yi waje karnuka na biye da shi. Wata mai fura ce ta cece shi, ta juye masa ƙwaryar tsari a baya. Maroƙi dai ya nemi hanya tun da wuri.

Da dariya ta lafa, gardi suka tasa shi gaban kumandan. Kumandan ya goge kitse daga gashin idonsa, ya ce a hankali, "An ce da ni Mai Lofe ya bar gwangwanin giris. Ina yake?"

Na'Allah ya dubi ƙasa. Sai aka ga liman ya dubi ƙasa, sarkin fawa ya dubi ƙasa, gardin nan biyu ma suka dubi ƙasa. Rabin kasuwa kowa yana kallon dugadugansa, sumul-sumul, babu tsaga ko ɗaya. Kumandan ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tuna wani ƙunshin ganye da uwargidansa ta sa aka karɓo bara, ya ja ƙafafunsa ƙarƙashin kujera.

Inna Mata ta ratso mutane da tsinken tsamo ƙosai a hannu, ta ce, "Ranka shi daɗe, a ba tsohuwa izini?"

"Faɗi, Inna."

"Abincin mashin ya shafa ma ƙafafun mutane, abincin mutane ya shafa ma mashin. Wannan duk da sauƙi. Babbar ɓarnar ita ce ya liƙe mishi baki." Ta sa tsinke ta ƙwaƙule ƙaro daga ramukan nan uku, ɗaya bayan ɗaya. "Ta nan shika ci. Shekara tara ina zaune nan, kullum da safe Nasara na zuwa da ƴar buta mai dogon hanci, ya ɗiga nan, da nan, da nan. Haƙora kuma ya lakata musu giris kaɗan ran kasuwa, ya goge da tsumma. Shi ke nan."

Na'Allah ya ce, "Ƙarya ne! Ni ban taɓa gani ba!"

"Ina za ka gani? Lokacin kana kasuwa sayen taba, kana gaya ma mutane kai ne ka koya mishi."

Kumandan ya ce, "Ina butar take?"

"Tana ɗakina cikin jere, da sauran mai a ciki. Ni ya bar ma ita, ya ce in ba wanda ya tambaya."

"To mi ya hana ki ba shi?"

"Ranka shi daɗe, sau uku ina buɗe baki. Ya ce ƙosaina na ƙonewa."

Kwana biyu Abarci ya yi yana wanke mashin da kananzir da tsumma. Baduku ya yanko igiyar jemammiyar fata. Aka yi shela duk mai sauran maganin kaushi ya maido, aka yi ta kawowa a ganye da ƙaho da gwangwanin sardin, har da wani ƙunshi da gardi ya kawo ya ƙi faɗin daga wane gida. Rana ta uku Inna Mata ta ɗiga mai, Abarci ya riƙe ƙarfe, aka rasa mai juya ƙafa. Kumandan ya ce, "Ina angon? Tun da ƙarfi gare shi." Haka Na'Allah ya tsaya yana juyi, zama ba ya yiwuwa dama saboda ƙuna, mashin na tafiya sumul ba ko tari, har huji takwas suka fita. Makiyaya suka ɗaure ƙarafansu kan raƙuma suka nufi Azagor. Aka rataya wa Abarci mabuɗi, aka auna shi kaki. Tsoho ya ce shi bai saba da wando mai matse ciki ba, ya ninke kakin ya yi matashin zama da shi a maƙera.

Wannan ya fi ƙunar garwashi yi wa Na'Allah ciwo. Da mutane suka watse ya rage shi da Inna Mata tana kwashe kaskonta, ya matso ya yi ƙasa da murya, ya yi tambaya ta farko da aka taɓa ji daga bakinsa.

"Inna, ɗigo nawa ne?"

"Uku."

"Kowane rami?"

"A'a, duka. Ɗaya-ɗaya."

Ya tsaya yana ƙirgawa da yatsu, ya kai uku ya rasa abin ƙarawa. Ya ce, "Man gyaɗa kwalba uku, man shanu ƙwarya guda, tozon raƙumi..."

"Da rigar mutane," in ji ta. Ta ɗora kasko a ka. "Ɗigo uku ne tsakaninka da kaki, ɗan nan, kuma suna bakin ƙofarka kwana shida."

Kumandan ya sassauta, ya bar Na'Allah a matsayin mai juya ƙafa, ladansa abin da mai kawo aiki ya ga dama. Kaushinsa ya dawo har ya fi na da, don gwangwani yanzu yana hannun Abarci, kuma ko ya roƙa amsar guda ce: na mashin ne. Amma kasuwa ta gaba na wuce gindin gawo na same shi tsaye, ya tara wasu baƙi daga Korahane, ya ɗaga yatsu uku yana cewa, "Ɗigo uku tak! Shekara tara ina gaya ma Nasara, bai ji ba."